Talata, ranar jarkoki

Da na dawo daga masallaci na huda yatsa na auna suga, na ci ƙosai huɗu da shayi ba sikari, sannan na fito tsakar gida. Kayan aikina ba yawa: bencin katako da jarkoki biyu masu cin lita biyar-biyar. In zauna a bencin in miƙe, sau goma, in huta, har zagaye uku. Sai tura bango da hannu biyu, sai ɗaga jarkokin.

Ina cikin yi Auta ta fito da bokiti ta tsaya tana kallona. "Baba, ba tafiya likita ya ce ka riƙa yi ba?" Na ce mata har da wannan. Tsoka ita ce rumbun suga a jiki. In mutum ya ci tuwo, mafi yawan sugan da ya shiga jini tsoka ce ke kwashe shi, ga shi kuma shekaru suna zaizaye ta. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, tsokar da ke aiki tana jan suga ko da insulin, wato sinadarin jiki da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka, ba ya kama jiki sosai, kuma tana ci gaba da jin maganarsa kwana ɗaya ko biyu bayan an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiyar minti 150. Ni na ɗauki Talata da Asabar.

Ban gaya mata sauran dalilin ba. Yayana suga gare shi, kullum ƙafarsa muke dubawa kada gyambo ya fito, ashe ta zuciya abin zai biyo, Allah Ya jiƙansa. Mai suga haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya kusan ninka na wanda ba shi da shi. Duk abin da zai rage min tumbi ya sassauta hawan jini, ba zan yi wasa da shi ba.

Na yi kuskure ɗaya yau. A zagaye na uku na riƙe numfashi ina yunƙuri, nan take kaina ya yi nauyi. Riƙe numfashin nan yana harba jini sama, an sha ja min kunne a asibiti. Na ajiye jarkokin na zauna, da na sake ɗauka ina ɗagawa ina fesar da iska. Dabino uku na aljihu saboda faɗuwar suga, ban taɓa su ba.

Bayan magariba na miƙe daga kan tabarma ban dafa ƙasa ba. Uwargida ta gani, ta ce, "Alhamdulillahi, Malam." Wata biyu da suka wuce sai an miƙo min hannu.