Godiya ga waɗanda suka taya ni nemo adireshin jama'a

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, kundin adireshin da ya ɓace daga manhajar imel ɗina ya dawo. A bainar jama'a na kai kukana, don haka a bainar jama'a ya kamata in yi godiya.

Ga wanda bai ji labarin ba, ni ne sakataren ƙungiyarmu, ni ke aika takardun gayyata da rahoton taro. Manhajar ce ta sabunta kanta, da na buɗe ta sai ta nemi in sake shigar da adireshina da kalmar sirri. Wasiƙu duka suka sauko, har na shekarun baya, amma kundin adireshi wayam, ko suna ɗaya babu. Aikin shekaru ne a ciki, da lambobin waya, da 'yan bayanan da nake rubutawa a ƙarƙashin sunan mutum, irin su "ba ya duba imel sai an kira shi". Ga taro ya matso. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Godiya ta farko ga injiniyan da wani ɗan ƙungiya ya haɗa ni da shi. Bai san ni ba, amma ya kira ni da kansa. Abin da ya fara faɗa shi ne: "Malam, kada ka cire manhajar, kada ka goge komai. Rufe ta, ka kwafe foldar bayananta gaba ɗaya zuwa filashi, sannan mu yi magana." A ganina wannan ce shawarar da ta ceci aikin, domin kafin kiransa mutane da dama sun ce in cire manhajar in sake saka ta, wasu kuma sun ce in sa manhajar share tarkacen kwamfuta.

Ya yi haƙuri ya fahimtar da ni dalilin da wasiƙu suka dawo amma sunaye suka ƙi. Tsarin IMAP, wanda manhajar ke jawo saƙonni da shi daga sabar, wasiƙu kawai yake ɗaukowa, babu ruwansa da adireshi. Kundin adireshi ko dai yana zaune a wani fayil a cikin kwamfutar, ko kuma yana tafiya ta wani tsari daban mai suna CardDAV, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2011, kuma sai an haɗa shi takanas. Nawa a kwamfuta yake. Da muka shiga inda manhajar ke ajiye kayanta, sai ga folda biyu. Ɗaya ɗauke da kwanan watan ranar da abin ya faru, fayil ɗin adireshinta ɗan mitsitsi. Ɗayar tsohuwa ce, nata fayil ɗin ya ninka wancan nesa ba kusa ba. Ashe sabon furofayil, wato sabuwar ma'ajiyar bayanaina, manhajar ta buɗe wa kanta ta bar tsohon, kamar wanda aka kai sabon ɗaki alhali kayansa na nan kulle a na da. Muka nuna mata tsohon, na sake buɗewa, sunaye suka jeru. Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'arka albarka.

Sai ƙanwata, wadda ta lura cewa lissafin bai cika ba, ta ce mu duba wayata ma. Ta karɓi wayata ta ce, "Yaya, an saita ta ne ta nuna sunayen asusu ɗaya kawai." Ta mayar da ita kan nuna duka, sai ga ragowar. Ita ce kuma ta gano cewa sunan da ke faɗowa da kansa idan mutum ya fara rubuta adireshi ba lallai ne yana cikin kundi ba, manhajoji da yawa jeri daban suke ajiye wa wannan. Irin waɗannan daga akwatin wasiƙun da na aika muka tsinto su ɗaya bayan ɗaya, har dare ya raba. Allah ya yi miki albarka.

Akwai abokin aikina da ya zauna da ni wajen fitar da kwafin ajiya, kuma nan ma an sha fama. Da muka fitar da sunayen a fayil ɗin CSV, wato jerin bayanai da waƙafi ke rarrabawa, muka buɗe a manhajar jadawali, duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya rikiɗe ya koma wasu alamomi marasa kan gado, sifirin farkon lambobin waya kuma ya zube. Shi ya gane cewa sai an zaɓi tsarin haruffa mai suna UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa za su fito daidai, ya kuma ba da shawarar mu riƙa ajiyewa a tsarin ajiye adireshi mai suna vCard, wanda waya da kwamfuta duk suke karantawa. Rikiɗewar sunayen nan ta fi ba ni takaici a kan ɓatan farko, domin sunan mutum ba abin wasa ba ne.

Ina kuma gode wa waɗanda shawararsu ba ta dace da matsalata ba amma tana da amfani. Wata baiwar Allah ta tuna mini cewa a Google Contacts, kundin adireshi na Google, abin da aka goge yana zama kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi. Ba nan nawa yake ba, amma wanda nasa ke can ya hanzarta dubawa. Haka waɗanda suka yi ta turo mini adireshinsu tun kafin in tambaya, da dattawan ƙungiya da suka ɗage mini wa'adin aika gayyata ba tare da faɗa ba, na gode, Allah ya bar zumunci.

Wanda takardar taron ba ta iso masa a kan lokaci ba, ina neman afuwarsa. An sake aikawa ga kowa. Idan har yanzu ba ka ga taka ba, ko ka sauya adireshi ko lambar waya a 'yan watannin nan, don Allah ka turo mini sabon in gyara.