Abin da na koya daga na'urar auna gas a bakin tanki

Aikina a sashen kiyaye haɗurra ya haɗa da auna iskar cikin tankuna da ramuka kafin a bar ma'aikaci ya shiga, da wata ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji, wadda take nuna yawan oksijin, da gas mai kama wuta, da kabon monoksaid, da kuma H2S, wato haidrojin salfaid, wani gas mai guba. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, ganin sifili a fuskar na'ura bai isa a ce wuri lafiya yake ba, sai an san ta yaya aka samu sifilin.

Oksijin ake fara dubawa, kuma da dalili. Iskar fili tana ɗauke da kashi 20.9 cikin ɗari, na'urar kuwa tana yin ƙara idan ya sauka ƙasa da 19.5. Ma'aunin gas mai kama wuta a yawancin na'urorin nan yana aiki ne ta hanyar ƙona gas ɗin a kan wata 'yar ƙwaya mai zafi, saboda haka idan oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai ƙonawar ba ta yiwuwa, sai ya nuna adadi kaɗan alhali tankin cike yake da gas, wanda da zarar iskar waje ta gauraya da shi tartsatsi ɗaya ya isa. Sinadarin silikon da ke cikin wasu man shafa inji shi ma yana kashe wannan ma'auni ba tare da wata alama ba. Shi ya sa nake ganin gwajin safe, inda ake busa wa na'urar gas daga ƙaramar silinda a tabbatar kowane ma'auni ya amsa, ya fi duk sauran matakai muhimmanci, ko da yake shi ake fara tsallakewa idan ana sauri. Haka nan ba a saita sifilin na'urar kusa da janareta ko salansar mota, domin hayaƙinsu zai sa ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin mai tsabta.

Sababbin ma'aikata sukan rikice da lissafi. Iskar metan tana kama wuta ne daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, amma ma'aunin gas mai kama wuta yana yin ƙara ne idan ya nuna goma, kuma wannan goman kashi goma ne cikin ɗari na wancan biyar ɗin, wato rabin kashi ɗaya kacal.

Auna bakin rami kaɗai yaudarar kai ne, domin metan sama yake taruwa, H2S ya fi iska nauyi yana kwanciya a ƙasa, kabon monoksaid kuma yana gauraya ko'ina. Dole a zura tiyon na'urar sama da tsakiya da ƙasa, a kuma jira iskar ta iso ma'auni a kowane mataki.

Wanda ya fi wuyar shawo kai shi ne tsohon hannu mai dogaro da hancinsa. H2S yana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ne, amma idan ya kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ya kashe jin wari, mutum ya ɗauka iskar ta washe. Masu yasar rijiya da ke zura fitila su ga ko za ta mutu suna da hikimarsu, sai dai fitila tana ci sarai a cikin kabon monoksaid ɗin da injin jan ruwa yake zubawa a rijiya, kuma shi ba shi da wari ko launi.

A 1986 hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata, ta bayyana cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu kai ɗauki ne. Saboda haka mai tsaron bakin rami a wurinmu yana da umarni a rubuce cewa idan na ciki ya faɗi, ya kira masu tukunyar numfashi, ya ci gaba da aunawa, kada ya sauka.