Jan jatan lande na tekun Bahar Rum

Jama'a akwai wani jatan lande ja wur da masunta suke kamowa a garin Palamós can ƙasar Sifaniya, sunansa a kimiyyance Aristeus antennatus, kuma wlh rayuwarsa na bani mamaki sosai. Shi fa ba a bakin ruwa yake ba, sai jirgi ya ja raga a zurfin mita 400 zuwa 800 sannan a same shi, inda hasken rana baya kaiwa sosai.

A ƙasan tekun nan abincinsa tsutsotsin cikin laka ne da ƙananan halittu masu ɓawo, kuma cin nasa yana bin lokaci, matan sukan dage da ci sosai kafin ƙwai ya nuna a cikinsu, sai wajen watan Yuni zuwa Satumba su saki ƙwan. Abin da yafi burgeni, macen tafi namijin girma nesa ba kusa ba, kuma bata goyon ƙwai a jikinta kamar wasu jatan landen, sakinsa take cikin ruwa kawai, namijin dama tuntuni ya manna mata ƙunshin maniyyinsa a ƙirji tana yawo dashi.

To matsalar anan take, manyan da sukafi kuɗi a kasuwa sune matan, sune kuma masu haihuwar. Shi yasa naji daɗin tsarin da masuntan Palamós suka shiga tun 2013, suna dakatar da kamu wata 2 lokacin sanyi, suka kuma ƙara faɗin idon raga don ƙananan su samu su tsere su girma.