Fitilar da na sa a saitin idon mara lafiya

Aikin farko da na yi bayan na gama karatun zanen gine-gine wani ƙaramin asibiti ne mai ɗakunan kwanciya shida. Na kwashe makonni ina gyara fuskar ginin, don ita ake gani daga titi. Abin da ke cikin ɗaki kuwa, alama kawai na sa a takarda, sauran na bar wa mai wayarin da kafinta.

Bayan shekara guda aka kwantar da innata a can. Na je dubiya da daddare, na same ta ta rufe fuska da mayafi. Na ce, "Inna, sanyi kike ji?" Ta ce, "A'a ɗan nan, wannan ƙwan ne ke cin idona." Na ɗaga kai. Ƙwan fitilar yana tsakiyar silin, daidai saitin idon wanda yake kwance. Ni da hannuna na sa alamar wurin a takarda.

Ƙannena masu wannan karatu, ku nemi labarin Alvar Aalto, mai zanen gine-gine, mutumin ƙasar Finlan da ya rasu a 1976. Shi da matarsa Aino suka zana asibitin masu tarin fuka na garin Paimio, wanda aka kammala a 1933. A lokacin babu maganin cutar, sai hutu da iska da hasken rana, majinyaci kan yi watanni a gado. Sai Aalto ya fara tunani daga mutumin da ke kwance. Ya kawar da fitila daga gaban idonsa, ya zaɓa wa silin launi mai kwantar da rai, tunda shi mara lafiya zai wuni yana kallo. Mutum biyu ne a ɗaki, saboda haka ya karkata bahon wanke hannu yadda ruwan famfo zai sauka ba ƙara, kada ya tada na kusa. Har hannun ƙofa ya lanƙwasa don kada ya kama hannun rigar likita. Kujerar da ya yi musu ta lanƙwasasshen katako, ya kishingiɗa bayanta ne don numfashi ya zo da sauƙi.

A da ina ganin kujera aikin kafinta ne, bai kai a ce in zubar da girmana a kansa ba. Aalto bai ga haka ba. 'Yar kujerarsa mai ƙafa uku ta 1933, wadda ake jibgawa ɗaya kan ɗaya, har yau kamfanin Artek da shi da matarsa da abokansu suka kafa a 1935 yana ƙera ta. Tulun furanninsa na gilashi mai baki kamar igiyar ruwa, na 1936, shi ma ana yin sa.

Kafin ku sa hannu a kowane zane, ku shiga ɗakin ku kwanta inda gado zai zauna, ku dubi sama. Ku zauna a inda tsohuwa za ta zauna. Ku je shagon kafinta ku wuni, ku ga inda katako ke tsagewa, ku riƙe hannun ƙofa da jiƙaƙƙen hannu.

Ɗakunan nan shida, da kuɗina aka fasa filasta aka mayar da fitilun bango, bayan kan gado. Tagogin da na sa suna kallon yamma kuwa ba su gyaru ba, labule mai kauri aka rataya.