Jak kaɗai ba ya riƙe mota, ku ji da kyau

Yau da hantsi na tarar da yaron garejinmu kwance ƙarƙashin Golf, jak ɗaya tal ke riƙe da ita, ba kututture ba taya, ga iyafis a kunne. Na finciko ƙafarsa, wai "Oga minti biyu ne fa". Wallahi abin da na ce kenan a lokacina.

Ni bas ce ta sauko min a ƙirji ina ƙarƙashinta ina cire giyabos. Ba a daɗe ba aka ɗaga ta, amma fuskata ta kumbura ta yi baƙi har wuya, farin idona ya koma jini zalla, mahaifiyata da ƙyar ta gane ni. Kowa ta haƙarƙari yake, aka kira mai ɗori, ido kuwa aka ce jini ne ya kwanta zai washe. Kuma ya washe ɗin, shi ne ya ruɗe ni. Hazon da na fara gani a idon hagu tun washegari sai na ɓoye ina ta ɗiga maganin kemis, ga iyali ga aiki ya tsaya, kuma wa ya taɓa gaya mana ƙirji na da haɗi da ido? Amma tsakani da Allah maiɗakina ta yi ta magana, ni ne na ƙi.

Sai daga baya likitan ido ya min bayani, in nauyi ya danne ƙirji mutum ya riƙe numfashi, jinin da ke komawa zuciya sai ya yo baya da ƙarfi ya haura wuya da kai, ƙananan jijiyoyi su fashe. Na farin ido da kansa yake tafiya. Na can bayan ido inda gani yake shi ne matsalar, ciwon Purtscher ake ce masa, sunan likitan Ostiriya da ya bayyana shi a 1910. Wasu ganinsu na dawowa, wasu jijiyar ta bushe. Tawa ta bushe.

Na so in faɗi abubuwa da yawa amma ku 'yan yanzu ba karantawa kuke ba. Ku sa kututture. In abu ya danne maka ƙirji asibiti za ka, ka ce a duba bayan idon ko kana gani garau, ka rufe ido ɗaya ka gwada ɗayan. Kar jan idon ya tsorata ka. Kai a'a, ya tsorata ka ma, gara haka. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, kuɗin da kuke ƙonawa a data ya isa kuɗin mota.