Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Yadda Ledar Fiya Wata Take Zama Intalok

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka samu fili a bayan gari aka kafa rumfar aiki. Yau zan ajiye labari gefe in yi bayanin aikin kansa, domin matasa da yawa suna ganin hoton intalok na leda, wato bulon daɓe da ake yi da narkakkiyar leda da yashi, sai su ɗauka narkawa ce kawai a zuba. Mafi yawan bulon da yake lalacewa tun kafin a kunna wuta ya lalace, a wajen zaɓen leda da busar da yashi.

A fara da leda. Ana buga lamba a jikin roba don nuna irinta. Robar da ake so ita ce mai lamba 4, irin ta fiya wata da jakar da ake ɗaure guda 20 a ciki, da ledar burodi, da farar ledar da ake naɗe kaya. Tana narkewa a wajen digiri 110 zuwa 120. Mai lamba 2, irin jarka, tana shiga, sai dai ta fi son wuta, wajen digiri 130, kuma sai an markaɗa ta. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen 250, kafin nan ledar da ke tukunyar ta ƙone. A ware ta a sayar wa masu niƙa. Ko gidan kwalabe da aka gina a Sabon Yelwa ta Kaduna a 2011 ba narka gorunan aka yi ba, yashi aka ɗura musu aka jera su da ƙasa.

Wadda ba a yarda ta kusanci wuta ba ko kaɗan ita ce lamba 3: bututun famfo, tiyo, rigar wayar lantarki, da wasu takalman roba. Hayaƙinta yana ɗauke da asid mai ƙona huhu da ido, da guba mai zama a jiki. Wannan ba abin sassauci ba ne, rayukan yaran aiki ne a hannunka. Idan babu lamba a jiki, a yanki ɗan guntu a tsoma a bokitin ruwa: lamba 2 da 4 da 5 (irin ta bokiti da kujerar roba) suna tasowa sama, lamba 1 da 3 suna nutsewa. Ledar biskit da ta madara da ta garin sabulu masu ƙyalli a ciki su ma a fitar da su, ninki-ninki ne da falle na alminiyam, ba sa haɗuwa da sauran, sai su bar rami a cikin bulo.

Wajen saye daga 'yan jari bola a lura da sikeli. Ledar fiya wata kan zo da ragowar ruwa da ƙasa a cikinta, wanda ya auna ta a haka ruwa ya saya. A farke ta, a kakkaɓe, a wanke, a shanya kwana biyu a rana. Da damina sai an yi haƙuri a ƙara kwanaki.

Yashi kuwa, na rafi ake so, irin wanda tifofi ke ɗaukowa daga Tamburawa, a tankaɗe shi da rariyar waya a fitar da tsakuwa. Kada ya zama mai laka, domin laka tana shanye robar ta hana ta kama ƙwayar yashin. Dole ya bushe ƙamas. Mafi kyau a baza shi a kan faifan ƙarfe a gefen murhu ya ɗauki zafi kafin a zuba. Yashi mai danshi idan ya faɗa cikin narkakkiyar leda tururi yake tayarwa, ya yi tartsatsi a jikin mai juyawa, sannan ya bar ƙananan kumfa a cikin bulon da ba za a gani ba sai ranar da mota ta taka.

Awo da sikeli ake yi, ba da shebur ba: kilo 3 na yashi, kilo 1 na leda. Idan yashi ya yi yawa bulon zai riƙa marmashewa a gefe. Idan leda ta yi yawa zai yi santsi, ya yi laushi da zafin bazara, kuma an yi asarar kaya. Intalok mai santimita 20 da 10, kauri 6, nauyinsa kilo 2 da ɗan ɗoriya, ke nan yana cin leda wajen rabin kilo. Guda 50 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Tsakar gida mai ƙafa 12 da 12 za ta ci wajen guda 670, ledarta ta haura kilo 300. Duk mai shirin karɓar kwangila ya fara yin wannan lissafi, ya tambayi kansa a ina zai samu wannan leda, a ina zai shanya ta.

Tukunyar farko rabin duro ce mai kauri, a kan murhu, a fili inda iska ke wucewa, nesa da gidajen mutane. A ɗumama ta, a riƙa jefa leda kaɗan-kaɗan ana juyawa da dogon ƙarfe har ta zama kamar kwalta mai kauri. Sannan yashi, shi ma kaɗan-kaɗan, har a daina ganin farar ƙwaya. Wuta matsakaiciya ake so. Idan hayaƙi ya yi kauri ya fara baƙi, robar ta fara ƙonewa, kuma ƙonanniyar roba bulonta fashewa yake kamar tukunyar ƙasa. Idan ta kama da wuta a kifa mata murfin ƙarfe ko a watsa busasshen yashi. Kada a zuba ruwa. Mai juyawa ya tsaya ta inda iska ke fitowa, da safar hannu ta fata, da doguwar riga ta auduga, da takalmi rufaffe, da takunkumi mai matatar hayaƙi, domin na yadi ba ya tare komai a nan. Ni a ganina duro mataki ne na koyo kawai. Ribar farko ta tafi ga injin narkawa rufaffe mai awon zafi, irin hanyar da Nzambi Matee ta bi a Nairobi da kamfaninta Gjenge Makers, wadda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama a 2020.

Mol ɗin ƙarfe, wato mazubin da ke ba bulon siffarsa, a shafa masa mai siriri. A zuba da zafinsa cikin hanzari, domin cikin 'yan mintuna yake daskarewa, a danne da faifan ƙarfe da jak ɗin mota har iska ta fita. A bar shi ya huce da kansa a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Wanda aka jefa a ruwa da zafinsa yakan lanƙwashe. A kowane zubi a sadaukar da guda ɗaya: a fasa shi da guduma a duba ciki. A auna wani, a jiƙa shi awa 24, a sake aunawa. Mai kyau kusan ba ya ƙara nauyi.

Masu gidajen haya sukan tambaya ko za a tayar da ɗaki da shi. Amsata a'a ce. Roba abincin wuta ce, kuma idan ta daɗe ƙarƙashin nauyi da zafi tana sakin jiki a hankali, ga siminti ba ya kama ta sosai. Gidan da iyali 8 ko 10 ke girki da gawayi da gas ba wurin gwaji ba ne. Wurinsa ƙasa: tsakar gida, lungu, bakin rijiya, gefen kwata, inda ruwa ke cinye daɓen siminti duk damina. Ko a can ma a bar wurin murhu da daɓensa na siminti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga shimfiɗa shi a tsakar gidan haya: zurfin haƙa, yashin ƙasa, da gangaren da zai kai ruwa kwata ba ƙofar maƙwabci ba.