Tambaya ɗaya, amsa ɗaya: yadda nake tsara kacici-kacicin tarihi da sanin ƙasa

Mafi yawan rigimar da ke tashi a gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, idan aka bi diddigi, daga takardar tambaya take fitowa. Yaro ya ba da amsa, alƙali ya ce bai ci ba, malaminsa ya miƙe da littafi a hannu, zaure ya kaure da surutu. Sau da yawa kuma alƙalin da malamin duk suna da gaskiya, don tambayar ce ke da baki biyu. Shi ya sa idan aka ba ni aikin tsara tambayoyin tarihi da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa, lokacin da nake kashewa wajen tace su ya ninka na rubuta su.

Tambayar da ta fi kowace jawo gardama ita ce: wane ne shugaban Najeriya na farko? Ranar 1 ga Oktoba 1960 Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a hukumance, Gwamna Janar Sir James Robertson na wakiltarta. Ragamar gwamnati tana hannun Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista tun 1957. Nnamdi Azikiwe ya karɓi kujerar Gwamna Janar a Nuwamba 1960, ya zama Shugaban Ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1963 da aka koma jamhuriya, amma ikon zartarwa bai bar hannun Firayim Minista ba. Shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa da cikakken iko shi ne Shehu Shagari, a 1979. Yaron da ya ce Tafawa Ɓalewa, da wanda ya ce Azikiwe, da wanda ya ce Shagari, kowa yana da abin kafa hujja. Ni sai na tsaga ta uku, kowace da muƙaminta da shekararta: wa ke riƙe da muƙamin Firayim Minista ranar da aka sami 'yancin kai, wa ya zama Shugaban Ƙasa a 1963, wa ya lashe zaɓen shugaban ƙasa na 1979. An sami tambaya uku masu tsabta, kuma ɗalibin da ya shirya musu ya fahimci bambancin tsarin firayim minista da na shugaba mai cikakken iko ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Irin wannan tarkon yana da yawa. "Yankuna nawa ne a Jamhuriya ta Farko?" Uku ne a 1960, Arewa da Gabas da Yamma, amma a 1963 aka yanki na huɗu daga Yamma. "Yaushe Abuja ta zama babban birni?" Gwamnatin Murtala ta yi dokar a 1976, ƙaura daga Legas kuwa sai 12 ga Disamba 1991. "Ƙananan hukumomi nawa ne?" Kowa ya haddace 774, amma 768 ne a jihohi, sauran 6 na Abuja ne, don haka idan aka ce "a jihohi 36" amsar ta sauya. Hedikwatar Arewa a zamanin Turawa ma haka: kafin Kaduna akwai Zungeru, kafin Zungeru an zauna Lokoja. Tambaya ta faɗi shekarar da take nufi, ko kuwa a bar ta.

A tarihin jihadi wanda ke ba da wahala shi ne "Sarkin Musulmi na farko". Shehu Usmanu ɗan Fodiyo aka yi wa mubaya'a a Gudu a 1804, amma wasu littattafan makaranta suna fara lissafin sarakunan Sakkwato ne daga Muhammadu Bello, wanda ya hau bayan rasuwar Shehu a 1817. Nakan kauce wa kalmar "na farko" gaba ɗaya a nan. Wa ya gaji Shehu a 1817? Babu mai musu. A wane gari aka yi mubaya'a? Gudu. Na fi son ma a ba yara abubuwa huɗu su jera su: hijira daga Ɗagel, yaƙin Tafkin Kwatto, faɗuwar Alƙalawa a 1808, rasuwar Shehu. Mai jerawa daidai ya san labarin, ko da shekara ɗaya ta kuɓuce masa.

Sai tambayoyin da suke daidai ranar da aka rubuta su, amma suka lalace a ajiye. Waɗannan sun fi haɗari, domin malamai suna gadar tsofaffin takardu daga juna, ana ta buga su shekara da shekaru babu mai dubawa. Ranar Dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce har zuwa 2018, lokacin da aka sanar da mayar da ita 12 ga Yuni. Taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 an ajiye shi a Mayu 2024, aka dawo da na 1960. Shekarun tsayawa takara sun sauya a 2018: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha daga 30 zuwa 25, sanata da gwamna kuwa suna nan a 35. ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ƙasashe 15 yara suka haddace, amma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata a Janairu 2025. Tsohon kundin tsarin mulki da ke ɗakin karatun makaranta ma yana iya yaudarar mutum, don gyaran 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali, waɗanda a da na gwamnatin tarayya ne kaɗai.

Maganin da na samo wa wannan mai sauƙi ne. Kowace tambaya tana da katinta: tambaya a gaba, a baya kuma amsa, da inda na samo ta, da ranar da na duba. Duk katin da amsarsa ke iya sauyawa nakan ɗiga masa jan biro a kusurwa, kuma ba ya shiga gasa sai an sake duba shi a makon. Sunayen masu riƙe da muƙamai duk jajaye ne. Na tarihi tsantsa, irin su haɗe Kudu da Arewa a 1914 ko fara amfani da Naira a 1973, waɗannan sai dai katin ya tsufa. Akwai kuma waɗanda ba na taɓawa sam, kamar adadin masarautun Kano. An ƙara huɗu a 2019, aka soke dokar a 2024, magana ta je kotu, kuma iyayen yaran da ke zaure kowa da ɓangarensa. Gasar yara ba wurin wannan ba ne.

Labarin Bayajida yana buƙatar nasa ladabin. Yara suna son sa, kuma ya kamata su san shi: zuwansa Daura, rijiyar Kusugu, macijin da ya kashe, auren Daurama, da Hausa Bakwai, wato Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Amma labari ne na baka da ake gada, masana kuma sun sha bamban a kansa. Don haka tambayar takan fara da "bisa labarin da aka gada", kuma ba na neman shekara a cikinsa. Jerin da ake kira Banza Bakwai ba na sa shi: littattafai ba su daidaita kan sunayen ba, sannan a zauren da akwai Bakabe ko Banufe ko Bazamfare ba abin da zai ƙara sai ɓacin rai. Idan ana son tsohon tarihi mai madafa, ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, da zuwan Al-Maghili a zamaninsa. Ga kuma 1903: Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairu, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli.

Ɓangaren sanin ƙasa shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akasarin takardun da nake gani ba su wuce launin tuta, da adadin sanatoci 109, da 'yan Majalisar Wakilai 360 ba. Ba laifi a sa su a zagayen farko don yara su saki jiki. Amma wanda ya ce 109 nakan so a bi shi da "ta yaya aka sami wannan adadi?" Uku daga kowace jiha, 108 ke nan, da ɗaya na Abuja. Daga nan sai tambayoyin da na fi ba wa muhimmanci, waɗanda ake ba da ɗan yanayi a ce a warware. An kama mutum, akwai kotu a ƙasa da kilomita 40 daga wurin: cikin wane lokaci tsarin mulki ya ce a gurfanar da shi? Kwana ɗaya, sashe na 35. Majalisa ta aika wa shugaban ƙasa ƙudiri: kwana nawa gare shi ya sa hannu ko ya ƙi? Kwana 30, idan ya ƙi kuma kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya mayar da shi doka. Mutanen mazaɓa suna son yi wa sanatansu kiranye: sa hannun mutum nawa ake bukata? Fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar. Shara ta cika kasuwar garinku, tashar mota ta lalace: aikin wane mataki na gwamnati ne bisa tsarin mulki? Ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe takan ba manya ma kunya, don an saba a ce komai gwamna.

Idan tambaya mai zaɓi huɗu ce, wahalarta tana cikin amsoshin bogin. A tambayi shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa a ba da 1804, 1914, 1991, 2015, ai an ba da amsa kyauta. Ni nakan ba da 1976, 1987, 1991, 1996, domin duk shekarun ƙirƙiro jihohi ne: Gowon ya yi 12 a 1967, Murtala ya kai su 19 a 1976, Babangida ya kai 21 a 1987 da Katsina da Akwa Ibom, ya kai 30 a 1991, Abacha ya cika 36 a 1996 da irin su Zamfara, Gombe da Nasarawa. A kuma lura kada amsar gaskiya ta zama ita ce mafi tsawo kullum, ko ta riƙa faɗowa a wuri na uku. Yara suna gano wannan tun kafin a gama zagaye na biyu.

Game da adadi, ga makarantu huɗu masu ɗalibai uku-uku nakan shirya tambaya 80. Zagaye uku, kowace makaranta tambaya biyar a zagaye, 60 ke nan. Sauran 20 na ajiya ne, don wadda aka soke ko wadda wani daga cikin 'yan kallo ya faɗi amsarta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne daidaita nauyi. Ba adalci ba ne makaranta ɗaya ta sami "wace rana aka sami 'yancin kai" ta kusa da ita ta sami "wa ya zana tutar Najeriya". Sai na haɗa katunan huɗu-huɗu masu nauyi ɗaya a ambulan guda, a zaɓi lamba a cikinsu. Daƙiƙa 15 sun isa ga suna ko shekara, 30 ga jeri ko tambayar yanayi. Maki biyu ga mai tambaya, ɗaya na garaɓasa idan ta wuce ga na gaba. Idan garaɓasa ta kai maki biyu, makarantar da ke zaune bayan mafi rauni ita ke cinye gasar.

Shekaru kuwa a rubuta su a kwali a ɗaga. Yaro cikin rawar murya zai ce sittin da bakwai yana nufin saba'in da shida, ga lasifika mai ƙara, kuma 1967 da 1976 duk shekarun ƙirƙiro jihohi ne. Mai gabatarwa ya karanta tambayoyin da ƙarfi kwana ɗaya kafin gasa, saboda sunaye irin su Akinkunmi da Aguiyi-Ironsi, kuma ya karanta kowace sau biyu kafin a fara lissafin lokaci. A bayan katin nakan rubuta amsoshin da za a karɓa: Sardauna, Ahmadu Bello, Gamji, duk ɗaya ne, Zariya a madadin Zazzau an karɓa, "Bello" kaɗai a tambayar da ta shafi Sakkwato sai an nemi ya cika, domin akwai Muhammadu Bello akwai Ahmadu Bello. Alƙalai uku, a gabansu kundin tsarin mulki bugun da ke ɗauke da gyare-gyare. Ƙorafi a rubuce, daga malami ɗaya na kowace makaranta, a ƙarshen zagaye. Idan aka ga tambaya tana da amsa biyu a soke ta nan take a ɗauko ta ajiya, kada a tsaya kare ta.

Kafin ranar nakan gwada katunan a kan ɗalibai biyar ko shida na aji ɗaya da masu gasar, waɗanda ba sa ciki kuma ba makarantarsu ɗaya ba. Wadda kowa ya ci ta koma zagayen farko. Wadda ba wanda ya ci sai na tambaye su me suka fahimta da ita, domin galibi lafazin ne ya ruɗe su. Idan akwai ɗalibai daga tsallaken iyaka, ko garin na bakin iyaka ne kamar Jibiya ko Illela, nakan sa kaɗan daga tarihin Nijar: 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani, mayar da hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, da kuma cewa Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, tana cikin Nijar ta yau.

Idan aka yi kunnen doki, tambayar raba gardama ta zama ta adadi wadda da wuya wani ya haddace, kowa ya rubuta a kwali, wanda ya fi kusa ya ci. Wadda na fi amfani da ita: sashe nawa ne a kundin tsarin mulkin 1999? Amsar da ke bayan katin 320 ce, da bayanin cewa lambar sashen ƙarshe ake nufi, ban da jadawalin da ke biye.